Ranar da na yi shelar lafiyar Isufu

Ba zan taɓa mantawa da bakansi, wato babban hutu, na shekarata ta ƙarshe a jami'a ba. Ina shirya memuwar, wato kundin kammala karatu, sai malaminmu ya ba ni wata takardar tambayoyi da ake auna ciwon damuwa da ita wajen ɗalibai a ƙasashe da dama. Ya ce in gwada ta a kan 'yan yankinmu na Adar. Na maida ta Hausa da kaina (har na riƙa jin ni ma wani ne), na hau moto na bi ɗaliban Madawa da Buza da Keita da suka zo hutu.

Kowa na tambaya ko yana yawan baƙin ciki ko yanke ƙauna, sai ya ce alhamdulillahi, babu komai. Ni kuma in zana sifili da alƙalamin bik, in ƙara gaba.

Da ƙungiyar ɗalibanmu ta yi taro a Madawa, aka ba ni mikoro in yi jawabi. Na gyara riga na ce ciwon nan na Nasara ne, mu imani ya tsare mu. Har na kawo misali da abokina Isufu na Bangi (bayan an gargaɗe mu kada mu faɗi sunan kowa). Na ce shekara biyu yana faɗuwa jarabawa, amma takardar tambayoyinsa fes, sifili zalla.

Sai ƙanwarsa Hadiza, wadda ke karatun ungozoma, ta miƙe daga baya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun girbin gero Isufu bai fita ɗaki ba, abinci sai an matsa masa, kullum yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi.

"Yaya, mi kake so shi ce maka? Ka zo da takarda kana tambaya ko ya yanke ƙauna. In ya ce i, ai gani zai yi ya butulce wa Allah."

Na tsaya riƙe da mikoro, na rasa inda zan aje shi.

Ranar kasuwa na tafi Bangi. Na iske Isufu ya rame, yana kallon bango. Da na je wancan karo ma haka yake, idona ne ke kan takarda. Na zauna kusa da shi. Can ya ce a hankali da ma na tambaye shi yadda yake kwana, da ya gaya mini.

Mun kai shi likita a Tawa. Ya ɗan samu sauƙi, amma bai koma karatu ba.

Ni kuwa na samu difloma, har da yabon malamai. Tun daga nan, in mutum ya ce mini lafiya lau, sai in ja kujera in zauna.