Rasuwar Musokoroba, Balafon Kawu Sibiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushi a gefenta, Salimata Milogo, a madadin dangi na gida Bobo da na birnin Liyon a ƙasar Turawa, tana sanar da rasuwar Musokoroba, balafon kawunta Sibiri Sanu, wato abin kiɗan nan na jerin katakai da ake bugawa da sanduna. Ta cika ranar Lahadi a ɗakin da yake koyar da kiɗa, bayan gajeriyar jinya a hannun likita.

An haifi marigayiyar a Bobo, a bakin wutar da kakan Sibiri ya gasa katakanta. Ta aurar da 'yan mata, ta raka tsofaffi makwanci, sannan ta hau jirgi zuwa Liyon naɗe cikin barguna, mai ita yana rawar ɗari a riga ɗaya. Ba ta san kunya ba. A tsakiyar biki takan kama sunan mutum: "Dramani, ka ci shinkafa, ka ci nama, ka zauna kamar an dasa ka?" Dole Dramani ya miƙe. Duk bakin nan nata yana cikin gorunan da ke rataye a ƙarƙashinta. Kowanne na da 'yar huda da aka liƙe da farin bargon ƙwan gizo-gizo, shi ke ba ta zizar nan, zzzz, mai shiga har ƙashin baya.

Ciwon ajalinta ya daɗe a jiki. Shekara da shekaru ɗalibai na tambayar amfanin farin abin nan, Kawu Sibiri na ba su amsar da kakansa ya ba shi: "Kunne ke koyo, ba baki ba. Buga!" Salimata ta sha gaya masa nan ba Bobo ba ce, inda yaro ke ganin ana fafe gora tun yana goye.

"Kawu, in ka tafi da sanin nan a cikinka, wa zai gyara ta?"

"Wa ya ce miki tafiya zan yi? Boko ya cika miki baki, 'yar nan."

Da zai je gida ta'aziyya, sai ya bar mabuɗi a hannun ɗalibarsa mafi ladabi, Madam Odil, wadda ba ta taɓa tambayarsa komai ba. Likitar haƙori ce, ba ta iya ganin rami ta wuce. Cikin tsantsar ƙauna ta kankare ƙazantar gizo-gizo, ta toshe kowace huda da abin cike haƙori, ta goge katakan har suka sirance, ta shafa musu man ƙyalli. Da Kawu ya dawo ya ɗora sanda, marigayiyar ta ce, "Tin." Ya ƙara. "Tin," kamar cokali ya taɓa kofi. Kalmarta ta ƙarshe ke nan.

"Ka ji ta daina ƙugin nan, Malam," in ji Odil, fuska cike da murmushi.

Kada kowa ya zagi Odil. Wanda aka rufe wa baki, da hannu zai yi tambaya.

Ta rasu ta bar sanduna biyu marayu, da ɗalibai cike da ɗaki waɗanda ba su san cikin gora ba, da 'yar Dramani da za a aurar watan gobe ba makaɗi, da dattijo ɗaya mai cewa ƙaddara ce.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a ɗakin da ta cika. Ba za a sallame ta ba sai an buɗe ta a gaban kowa: a kwance gorunan, a fafe sababbi, a gwada takardar naɗin taba a gurbin gizo-gizon da Liyon ba ta da irinsa. Odil ce za ta riƙe fitila. A bar furanni a gida, a zo da wuƙa da tambaya.

Kawu Sibiri ya rantse ƙafarsa ba za ta taka wurin ba, wai abin kunya ne a tsiraita tsohuwa a gaban baƙi. Ya dai aiko a ajiye masa kujerar gaba, kada 'yar boko ta huda gora a gefen da ba shi ba.

Duk wanda ya sami zama kusa da shi, ya tambaye shi wane gefe ne.