Shadda Mai Ƙunar Guga

Ko tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu, ba zan manta da ranar da muka kai kayan agaji Andarai ba. Har yau in na ji warin albasa sai kunnuwana su ɗauki zafi.

Muna da wata ƙungiya a Sabon Garin Jega, ta matasa masu aikin taimakon jama'a. Mu yashe kwata, mu share maƙabarta, mu kai marasa lafiya asibiti. Ni ne mai magana da yawunta (ba don na fi kowa hankali ba, ni kaɗai ke da lasifika). Da 'yan bindiga suka tashi wasu ƙauyuka, mutanen suka gudo suka sauka a wata gona kusa da Andarai, sai muka shiga gida-gida muna tara gero, tabarmi, sabulu da tufafi. Ni ma na kawo tawa gudummawar, wata shadda ruwan toka da dutsen guga ya ƙona a ƙirji, shatin dutsen ya fito sak. Can ƙasan buhu na cusa ta don kada a gane tawa ce.

A lokacin ina neman auren Hadiza, 'yar Alhaji Garba, wani babban manomin albasa a Aliero. Kawunnaina sun je gaisuwa, Alhaji ya ce ba zai sa rana ba sai ya ga yaron da idonsa. Ni kuwa ban taɓa ganinsa ba. Wane saurayi ne mai kunya zai tsaya ya haɗa ido da uban budurwa? In ina zance na ji an ce ga Alhaji nan, ta bayan katanga nake bi, sau ɗaya har da barin takalmi. A raina dai na gama zana shi: ƙato, mai tumbi, babbar riga tana jan ƙasa.

Ranar rabo muka tarar da mutanen a rumfunan ajiyar albasa, an kwashe albasar an shimfiɗa musu buhuna. Mata da goyo, tsofaffi sun yi tagumi, wasu ko takalmi ba su tsaya ɗauka ba. Wallahi tausayi ya kama ni. Amma ina sa rigar ƙungiya mai sheƙi na rataya lasifika, sai tausayin ya koma mulki.

"A yi layi! Wanda bai bi layi ba ko allura ba zai samu ba!"

Ana cikin haka sai ga wani dattijo siriri, ƙafa duk laka, riga a yage a kafaɗa, da malfa a ka. Bai ko kalli layin ba, ya nufi motar kaya yana taɓa buhuna. Na sha gabansa.

"Baba, ina zuwa?"

"Yaro, so nika a kai hatsin ga cikin inuwa."

"Kowa ma so yake. Koma layi. Irinku ne ke ɓata mana aiki, a ba ku a nan ku zagaya ku sake miƙo hannu."

(Lasifikar tana bakina. Har masu ban ruwa a gonar maƙwabta sai da suka ɗago kai.)

Ya dube ni ya ce, "To, madalla." Ya je ya tsaya bayan wani tsoho mai farin gemu. Wurin ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka kwarjinina ne. Da layi ya zo kansa na zura hannu a buhu, kuma cikin duk tufafin da mutanen Jega suka tara, shaddata ce ta biyo hannuna. Na ɗora masa a kafaɗa, na dafa shi, na ce a ɗauke mu hoto. Har da ce masa, "Baba, ɗan yi murmushi mana."

Ya yi. Sannan ya ce, "Allah shi yi albarka. Kai ɗan wa na?"

Na zayyano masa sunana da na mahaifina da unguwarmu, ban rage komai ba.

"Af," ya ce, "ashe kai na."

Na ji daɗi. Na ce lallai sunana ya kai har ƙauye.

Da yamma na tura wa Hadiza hoton, na rubuta cewa ta dubi wannan bawan Allah da muka rufa wa asiri yau. Nan take ta kira, ko sallama babu.

"Ka san ko wa na wanga?"

"Wani ɗan gudun hijira ne, mai ɗan taurin kai."

"Baba na fa! Gonar ga tashi ta. Shi yak kwashe albasa yab ba su rumfuna!"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kwanakin da suka biyo baya abinci ya daina shiga, har na fara tambayar kuɗin motar Legas. Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata, shi ya tisa ƙeyata zuwa Aliero, yana dariya tun daga tasha.

Na durƙusa a zauren Alhaji kaina a ƙasa. Ƙafafu na fara gani, sai gefen riga ruwan toka. Na ɗan saci kallo. Shaddata ce, an wanke an sa sitaci, ƙunar guga tana zaune daram a ƙirjinsa.

Bayan gaisuwa ya ce, "Yaro, ni abin da kac ce bai dame ni ba. Ina da gida, na komo na yi kwanana. Amma dattijon da ke gabana cikin layi, mai farin gemen ga, mai gari na. Bara war haka ƙofar gidansa aka layin hatsi. Shi ma ya ji ka."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Idona ya cika da hawaye, ba kuma don Hadiza kaɗai ba.

"Ina sa rana," ya ce. "Amma ka tahi ka gaishe shi tukuna. Ka bar abin maganar ga gida."

Na koma Andarai washegari, ba lasifika, ba riga mai sheƙi. Mai garin ya tashi daga kan tabarmarsa, irin wadda muka raba, ya ce in zauna, shi ya koma kan buhu. Ya yi ta yi mini godiya. Ban taɓa jin godiya mai nauyi irin wannan ba.

An ɗaura aure, muna nan da Hadiza lafiya. Lasifikar na kai ta masallacin unguwarmu. Yanzu in mun je rabo, durƙusawa nake yi in gaishe da mutum kafin in miƙa masa ko sabulu, don na gane cewa lakar ƙafa ba ta faɗin ko wane ne mutum.

Alhaji kuwa bai sake tayar da maganar ba. Sai dai duk ranar da ya ji za mu zo gaisuwa, wannan shaddar yake sawa.