Rasuwar "Ƙasan Bene", Wasan Tsakar Rana da Yunwa Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani nauyi da ya fi baƙin cikin daɗewa a ƙirji, ma'aikatan sashen wasan kwaikwayo na wannan tashar talabijin suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ɗansu, shirin nan na tsakar rana mai suna Ƙasan Bene. Ya rasu bayan doguwar jinya, idan aka auna ta da gajeren ransa, domin bai ga zagayowar shekararsa ta farko ba. Babban mai zaman makoki shi ne marubucinsa, wanda a ofis ake kira Furofesa tun ranar da ya yi kuskuren faɗa a wurin taro cewa adabi ya karanta a jami'a.

An haifi marigayin a ɗakin taro, kuma ba wanda ya yi murnar haihuwarsa. Akwai wani giɓi tsakanin labaran rana da shirin yara, lokacin da ma'aikata ke ofis, 'yan makaranta ba su taso ba, ba mai kallo sai wanda sana'arsa ko ciwonsa ya zaunar da shi. Wani kamfanin sabulu ya ce zai ɗauki nauyin cike giɓin, muddin za a riƙa nuna wani yana wanke hannu a kowane kashi. Shugaban sashe ya dubi ɗakin yana neman wanda zai rubuta, kowa ya sunkuyar da kai da sauri, Furofesa ya makara.

Ya karɓi aikin kamar yadda ake karɓar magani mai ɗaci. Shi mutum ne da ya daɗe yana rubuta wani babban littafi da zai gyara al'umma, wanda har yanzu al'ummar ba ta ga shafinsa na farko ba. Don haka ya roƙi a sa masa sunan aro a jerin sunayen ƙarshe, waɗanda dama gudu suke yi kamar ana korarsu. A gida kuwa, in an tambaye shi me yake yi a tashar, sai ya ce aikin takardu ne.

Marigayin ya yi rayuwarsa duka a falo ɗaya mai bango uku. Labarin wani tsohon direba ne da matarsa da 'ya'yansu, masu haya a ƙasan wani bene. A kusurwar falon akwai matakala da ba ta kaiwa ko'ina. Ɗan wasan da aka tura sama sai ya hau, ya tsuguna a kan wani katako, ya riƙe numfashi har a gama ɗauka. Mai gidan benen ba a taɓa ganinsa ba a kwanakin da shirin yake da lafiya. Takunsa kawai ake ji, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a saman kan 'yan haya, wanda mai haɗa sauti ke yi da takalma sanye a hannuwansa. Masu ƙaunar marigayin za su tuna wannan takun, da kukan ƙofar da aka hana sa mata mai domin ta fi wasu 'yan wasan iya shigowa, da muryar matar direba tana tambaya daga kicin, kusan kullum: "Wa ya bar mini famfo a buɗe?"

An shaida marigayin da sauƙin kai. Bai taɓa neman a kalle shi da ido biyu ba. Mai aski na iya bin labarinsa almakashi a hannu, tela na iya binsa ƙafa a kan keke, marar lafiya a ɗakin jiran likita na iya yin gyangyaɗi ya farka ya tarar ba a wuce shi ba. Babbar baiwarsa kuwa, wadda ta ba shugabannin tasha mamaki har suka fara cewa shawararsu ce, ita ce mutanen cikinsa suna magana kamar mutane. Ana tsare Furofesa a baranda ana tambayarsa daga ina yake samo wannan. Yakan gyara tabarau ya ce karatu ne.

Daga falon mahaifiyarsa yake samowa. Kowane ƙarshen mako yakan je, ya zauna a kujerar da ke kusa da firji, Inna ta zuba masa shayi a tsohon kofinsa mai tsagaggen baki, ta ce, "Auta, bari ka ji," ta buɗe. Inna ba ta iya ba da labari a taƙaice ba, kuma ba ta taɓa ganin dalilin koyo ba. Za ta faɗa masa yadda Gwaggo, ƙanwar marigayi babansu, ta ari dutsen guga ta dawo da shi ba igiya, ta rantse haka aka ba ta. Za ta kwaikwayi tafiyar mijin yayarsa ranar da ya sayi sabuwar waya. Ta yi muryar mai gyaran wuta, ta yi ta maƙwabciya, ta yi tata ita kanta lokacin da take ba su amsa. Auta ya sha shayi, ya yi dariya, ya sumbaci hannunta, ya tafi da abincin mako guda na marigayin shirin a cikin kansa. Bai ɗauki wannan sata ba. Cewa yake yi duk marubuci kunne ne, kuma ya san sunayen manyan da suka faɗi haka.

Sai Inna ta kamu da son shirin. Maƙwabta suka riƙa taruwa a falonta da tsakar rana. Ranar da aka nuna wata gwaggo ta dawo da dutsen guga ba igiya, Gwaggo tana zaune a wurin, ta tafa hannu ta ce wannan mata ba ta da kunya, kuma ita ta san wata irinta sak a layin nan. Laifi tudu ne. Inna kuwa takan mayar wa Auta da labarin kowane kashi, ta ƙara da cewa da ita ce matar direban nan da ta yi kaza da kaza. Mako na zagayowa, matar direba ta yi kaza da kaza ɗin. Inna ta juya ta dubi maƙwabta ta tambaye su ko ba ta faɗa musu ba. Ta yi suna a layi da hangen nesa, kuma ɗanta ya lallashi kansa da cewa ai kyauta ce yake mata.

Ciwon ajalin ya shigo ta ƙofar da ba a zata ba. Ɗan wasan da ke fitowa a direba ya samu aiki a wata tasha, dole direba ya mutu, kuma da gaggawa, domin a wannan sana'a abin da aka rubuta da safe shi ake ɗauka da rana. Furofesa ya zauna zai rubuta bankwanan miji da mata a gadon asibiti, ya ga bai san abin da tsofaffi ke faɗa wa juna a irin wannan wuri ba, sai abu ɗaya.

Shekarun baya, a jinyar babansa ta ƙarshe, ya taɓa dawowa ɗakin asibitin da filas a hannu ya tarar an ja labulen gado. Ya tsaya. Babansa mutum ne da bai taɓa kiran matarsa da wani suna a gaban 'ya'ya ba, sai dai ya yi gyaran murya ta amsa. Amma a bayan labulen nan ya ji shi, da muryar da ta kusa ƙarewa, yana tsokanarta da sunan da ya raɗa mata tun suna sabon aure, saboda yadda take zuba sukari a shayi. "Rabin Cokali," ya ce, "kin sha naki kuwa, ko ni kike ta kallo?" Inna ta yi wata dariya da ɗanta bai taɓa ji ba, kuma bai sake ji ba.

Ya rubuta layin kamar yadda ya ji shi, da niyyar ya canza sunan kafin a kai wa 'yan wasa. Masu kare shi a ofis suna cewa sauri ne ya sa ya manta. Mu iyalan marigayin shirin muna ganin bai dace a yi ƙarya a sanarwar rasuwa ba. Ya tuna. Ya gwada Rabin Kofi, ya gwada 'Yar Sukari, ya karanta su a fili, ya ji duk ba su da rai. Na gaskiyar ya fi daɗi, ya bar shi. Ranar ɗauka, mai kyamara ya share hawaye, darakta ya rungume Furofesa, kuma Furofesa ya ji daɗin rungumar.

Yayarsa ce ta ba shi labarin abin da ya faru a falo. Ta ce da direba ya faɗi sunan, maƙwabta suka yi dariya mai haɗe da tausayi, Gwaggo ta ce kai, marubutan nan da iya ƙirƙira. Inna kuwa ta miƙe, ta ɗauko ƙyallen rufe talabijin, ta rufe shi wasan bai ƙare ba, ta ba baƙi haƙuri ta ce kanta ke ciwo. Mutum uku ne suka san sunan nan, ɗaya yana ƙasa. Ashe tun a asibiti ta ga takalman ɗanta ta ƙarƙashin labule, ta yi shiru duk shekarun nan, tana ganin shi ma shirun yake tayata.

Ƙarshen makon ya je da bayani a shirye, mai gabatarwa da hujjoji. Inna ta tarbe shi da fara'a, ta buɗe kabad ta ciro kofin baƙi mai bakin zinare.

"Malam, sannu da zuwa," ta ce. "Yaya aikin takardu?"

Da ya fara ba da haƙuri, ta ce ai ba komai, ta tambaye shi ko hanya da cunkoso. Magana zarar bunu ce. Daga ranar, in ya shigo falon sai hira ta koma kan zafin rana da tsadar wuta. Ba a taɓa hana shi kujerarsa ba. Inna ba ta sake cewa bari ka ji ba.

Haka marigayin ya shiga yunwa. Furofesa ya koma ga karatunsa, karatun ya ba shi abin da yake da shi. Aka gano direba yana da ɗan tagwai da ya ɓace. Babbar 'ya ta faɗo daga matakala ta manta sunanta. Mai gidan bene ya sauko, aka ga fuskarsa, kowa ya yi da-na-sani. Matar direba kuwa, wadda ita ce ran wasan, tun da mijinta ya mutu take zaune a kujera tana kallon bango, domin marubucin bai san abin da irinta ke faɗa bayan haka ba, kuma wadda ta sani ta daina magana a gabansa. 'Yar wasan ta zo ofishinsa ta roƙe shi ko da tari ne ya rubuta mata. Masu aski suka canza tasha. Kamfanin sabulu, wanda ya daɗe yana koya wa jama'a wanke hannu, ya wanke nasa. A kashin ƙarshe, matar direba ta ɗago kai, ta buɗe baki za ta yi magana, sai sunaye suka fara gudu. Wasu sun yaba da wannan a matsayin fasaha. A takardar wasan, nan ne rubutun ya tsaya.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan wasa da dama, ciki har da matar direba, wadda yanzu take tallar maganin ciwon kai, inda ake buƙatar ta dafe goshi ta yi shiru, kuma ta samu horo mai kyau. Ya bar bango uku, waɗanda shirin motsa jikin da ya gaji lokacinsa ya yi wa sabon fenti. Ya bar Gwaggo, wadda har yanzu ba ta gane kanta ba, Allah ya ƙara mata lafiya. Ya bar kuma wani mutum mai furfura a gefen kai, wanda yake shan shayi a gidan uwarsa a kofin baƙi. Ba za mu ce Allah ya jiƙan marigayin ba, tunda ba rai gare shi ba. Masu ran ne ke buƙatar addu'a.

Game da jana'iza, da farko an shirya yin ta a ma'ajiyar tasha, inda za a goge faya-fayan a ɗora musu tallar katifa, kuma wannan ɓangaren yana nan yadda aka tsara. Amma an samu canji. Da yayar Furofesa ta kai wa Inna labarin cewa an daina wasan, Inna ta ci gaba da ninke wanki. Daga baya ta ce a tambayar mata shi abu ɗaya, tunda ita ba ta ƙarasa kallo ba: matar nan, bayan mijin ya tafi ya bar ta, yaya ta yi?

Saboda haka za a binne marigayin a falon Inna, ƙarshen makon nan, da tsakar rana. Ana roƙon abokan aiki da maƙwabta da Gwaggo su yi ta'aziyyarsu daga nesa, domin wurin na mutum biyu ne. Darakta ya ba da shawarar a tsara wa tsohuwar wani ƙarshe mai daɗi, an gode masa. Mai makokin zai je hannu wofi, ya zauna, ya gaya mata cewa bai sani ba, bai taɓa tambaya ba, kuma in ta ga dama ta faɗa masa, ba inda za a ji. Daga nan zai yi shiru ya jira. Ba a sa lokacin tashi ba.