Mutumin da Ya Sanyaya Yamai

Mu gode wa Allah da ya nuna mana zamanin Mushe Mansur, wato Malam Mansur a bakin masu jin Faransanci. Wasu manya, rijiya suke ginawa, wasu masallaci. Shi kuwa birni guda ya sanyaya, kuma ko daga kujerarsa bai tashi ba.

An turo shi ne ya shugabanci wata ƴar tashar auna yanayi a bayan unguwar Talladje ta birnin Yamai. Aikin tashar ba wuya: a duba zafi kullum, a rubuta, ƙarshen shekara a aika wa babbar cibiyar da ke tattara na Afirka duka. Can ake gwada zafin bana da na shekaru talatin da suka wuce, a zana taswira. Inda ya ƙaru a shafa ja, inda ya ragu a shafa shuɗi. Shuɗin nan kuwa ya daɗe bai samu aiki ba.

Mai dubawar shi ne Malam Hamisu. Shekara ashirin da shida ke nan yana fita tsakar rana, har Asabar da Lahadi, ya buɗe wani farin akwati mai ƙafafu a tsakiyar fili, ya karanta ma'aunin zafi. Ran da Mushe ya fara zagaye ya ga sabon ma'auni ɗan Turai a akwatin nan, ransa ya yi mugun ɓaci.

"Kayan Turai a rana kamar shanyar kuɓewa? A zamanina ba za a wulaƙanta kimiyya ba."

Malam Hamisu ya ce ai don shan zafin waje aka yi shi, in an ɗauke shi daga nan aikin shekaru ya lalace. Mushe ya tambaye shi a wace jami'a ya yi karatu. Magana ta ƙare. Aka shigo da ma'auni biro, wato ofishinsa, aka ɗora shi kan kanta tsakanin hoton Mushe da takardun shaidarsa, daidai bakin kilim, na'urar sanyaya ɗaki.

Kilim ɗin tsoho ne, yana tari yana zubar da ruwa a bokiti, amma shi ne ran Mushe. Muddin yana biro a kunne yake, ya fita a kashe. Da ya ji babbar cibiya za ta raba sabbin kilim da farantan sola ga tashoshin da zafi ya fi gallaba, sai ya rubuta takardar nema da hannunsa, ya buga mata hatimi uku. Har wurin da za a kafa sabon ya auna da taku.

Shekara ta zagayo. Samira, sakatariyarsa, ta kawo masa rajista cikin ladabi, ta nuna masa wani abin mamaki: daga Litinin zuwa Juma'a Yamai tana digiri ashirin da uku, Asabar da Lahadi sai ta haura arba'in. Haka ma watan da ya tafi hutu. Ta tsaya tana jiran ya gane.

Ai kuwa ya gane.

"Kin gani ko? In ina nan gari ya natsu, in na juya baya komai ya dagule. Shugabanci ke nan, Samira. Ba a ajin lakkal ake koyon shi ba."

Da taswira ta fito, Afirka ja wur daga teku zuwa teku, sai ɗigo guda shuɗi a bakin Kwara. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Mushe ya sa aka saka taswirar a gilashi. Direbobin tashar suka laƙaba masa Sarkin Sanyi, yana ji ya buga sunan a katinsa. A wurin wani suna a unguwar Banifandu, mutane na fifita da murfin kwano, ya miƙe ya shaida musu cewa zafin da suke ji jita-jita ce, alƙaluma ba su san da shi ba. A Babbar Kasuwa har faɗa ya yi wa mai ƙanƙara don bai bi ci gaban kimiyya ya sauke farashi ba.

Amsar takardarsa ta iso cikin Afrilu. Cibiya ta taya shi murna ƙwarai. Ta ce tunda tasharsa ta fi kowace sanyi a nahiyar, an cire ta daga jerin mabukata, an ba wasu bayin Allah da ke shan wuya rabonta. Mushe ya karanta sau uku, bai samu inda zai buga hatimi ba.

Cikin satin nan kilim ya yi tarinsa na ƙarshe. Tagar biro kuwa tun da aka yi fenti ta ƙi buɗuwa. Mushe ya zauna cikin kwat ɗinsa, don Sarkin Sanyi ba ya tuɓe kwat a gaban talakawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan wasiƙar.

Tsakar rana Malam Hamisu ya yi sallama kamar kullum. Ya gyara tabarau, ya duba ma'auni, ya rubuta arba'in da huɗu, ya rufe rajista a hankali.

"Barka, ranka ya daɗe," ya ce. "Mun dawo Afirka."