Yadda Ake Tsallake Binciken Hali Kafin A Damƙa Maka Sirrin Gwamnati

Duk wanda ya nemi aikin da ake taɓa takardun sirri, sai an aiko mai bincike ya tono halinsa tun daga kakanni. Kada gabanka ya faɗi. Ni da kaina na shirya Yazidu, ɗan ƙanwata Umma, lokacin da ya nemi aikin sakatare a wani biro, wato ofishin gwamnati, na Maraɗi. Aikin nan kaɗai ya tsaya tsakaninsa da motar Agadas, don ya rantse in bai samu ba sai ci-rani arewa, uwarsa kuwa ko zancen ba ta son ji. Ka bi matakan nan, na lamunce maka za ka ga sakamako.

1. Ka san hawan da kake nema

Sirrin gwamnati hawa-hawa ne. Na ƙasa ba a faɗinsa a kasuwa. Na tsakiya ko matarka ba ka gaya wa. Na sama kuwa, kai da ka karanta ma sai ka yi kamar ba ka gani ba. Na tsakiya aka nema wa Yazidu, abin ya zo masa da sauƙi tunda ba shi da mata.

2. Ka shirya gari

Shugaban biron ya kira Yazidu a waya ya ce, "Wani mai bincike, Mushe Attaher, zai zo garinku Dakoro ranar kasuwa. Kai kaɗai ka sani." Mushe a Faransanci kamar Malam ne a wurinmu. Mai ƙaramin tunani sai ya kama bakinsa. Kai kada ka yi haka, ina aka taɓa barin baƙo ya shigo gari ba shiri? Yazidu ya gaya mini, ni kuma ban gaya wa kowa ba sai ƴan fadarmu, da mai shayin tasha, da ƴan kabu-kabu, da liman don addu'a. Kowa na koya masa magana ɗaya: "Yazidu yaro ne mai riƙe sirri."

3. Ka ɓoye taubashinka

Ɗana Abarci taubashin Yazidu ne, tun suna yara ba ya kiransa da komai sai bawana. Irin wannan ka aike shi garin Ɗan Gulbi neman akuyar da ba ta ɓata ba. Na aike shi. Ya dawo da wuri, ya ci karo da baƙon a ƙofar gida.

"Mushe, Yazidu kaka tambaya? Ai bawana na! Ɓarawon ƙosai, kuma shina barci har hantsi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mushe Attaher ya yi murmushi kawai.

4. Ka yi wa uwarka bita

Yazidu ɗan fari ne, Umma ba ta taɓa kama sunansa ba. Na yini ina roƙonta ta ajiye kunyar nan na rana ɗaya. Da baƙon ya tambaye ta ko ita ta haife shi, sai ta ja mayafi ta dubi bango.

"Yaron ga? Nan dai muke ganinai cikin gida."

"Mi za ki ce kan halinai, Inna?"

"Ku tambayi masu shi."

Ta faɗi haka ne alhali tun asuba take dama furar da za a ba baƙon.

5. Ka tambayi sakamako cikin ladabi

Da la'asar Yazidu ya raka baƙon tasha, ya shiga ba da haƙuri kan Abarci da Umma. Mushe Attaher ya ɗaga hannu.

"Bari wanga zance. Ni ma ina da taubasai, ni ma ɗan hwari ne. Su biyun nan su kaɗai na yarda da su yau."

Yazidu ya saki ajiyar zuciya.

"Amma hwaɗa mini, mutum nawa suka san da zuwana?"

"Ni ɗai, Mushe."

"To ina sauka mota mai shayi ya kira ni da sunana. Ɗan kabu-kabu ya kawo ni gidanku ban ce mishi komi ba. A hanya shina ce mini kai yaro ne mai riƙe sirri."

A irin wannan lokaci kada ka yi gardama. Ka riƙe masa jaka, ka yi masa fatan sauka lafiya.

6. Ka karɓi hawan da Allah ya ba ka

Amsa ba ta daɗe ba. Sun ce halinsa ba laifi, amma ko hawan ƙasa ba za su ba shi ba. Ranar da ya hau motar Agadas, Umma ba ta je tasha ba. Tana daga ɗaki na ji ta ce, "Allah ya tsare Yazidu." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Gargaɗi

Na ce za ka ga sakamako, ban ce wane iri ba. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka ne da mai bincike, ba ruwana. Zancen Yazidu kuma ka bar shi a cikinka, Umma ta roƙe ni kada kowa ya ji.