Ƙasa-Ƙasa, Maharbi

Ko zan manta da komai na zaman da na yi a Alƙahira, ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na buga ƙwallo mafi kyau a rayuwata. Har gobe in na tuna ta, ko ina tsakiyar cin abinci ne, sai na ajiye cokali na miƙe na zagaya ɗaki.

Amma bari in faro daga Gusau. A unguwarmu sunana Maharbi. Ba don na taɓa riƙe kwari da baka ba. Cikakken sunan shi ne Maharbin Tsuntsaye. Allah ya ba ni ƙarfin ƙafar dama, sai dai duk ƙwallon da na buga ta saman raga take bi, ta tsallake katangar firamare, ta faɗa gidan wata tsohuwa mai waina (har ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba ta daina kiran sunana a cikin addu'arta ba, kuma ba addu'ar alheri ba ce). Yayana Nasiru shi ne kocin ƙungiyar unguwa. Shekara da shekaru yana tsaye a bakin fili yana faɗar magana ɗaya: "Ƙasa-ƙasa, Maharbi. Kwantar da ƙirjinka a kanta." Na yi iyakar ƙoƙarina, ƙafa ta ƙi. Sunan nan yana ci mini rai ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda Yaya yake kallona bayan kowane wasa, kamar likitan da magani ya ƙare masa.

Da na samu karatun Shari'a a Masar, na ce shi ke nan, na bar sunan a tashar mota. Ina shekara ta biyu, muna haya mu biyar a unguwar Madinat Nasr, wata rana da la'asar muna taɓa ƙwallo a wani filin matasa. Aka samu fanareti, aka ba ni. Ba sai na faɗi inda ta bi ba, hali zanen dutse. Ina cikin sunkuyar da kai sai ga wani dogon Bamisre ya taho da gudu daga ɗaya ɓangaren filin, kafaɗunsa a kumbure da wani irin sulke. Na ɗauka gilashin motarsa na fasa. Ya kama hannuna ya ce, "Ya Maulana, za ka iya sake yin irin wannan?"

Na ce masa ai ban iya yin wani iri ba.

Sunansa Mahmud, ɗalibin injiniya, kuma yana cikin wata ƙungiyar ɗalibai masu buga ƙwallon Amurka. Wasan nan ne da ƙarti ke sa hular kwano suna turereniya a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda. Yawancinsa da hannu ake yi. Amma akwai mutum ɗaya a ƙungiya wanda aikinsa kawai shi ne, idan an kasa kaiwa ƙarshen fili, a dasa masa ƙwallon a ƙasa ya buga ta da ƙafa, ta wuce ta saman ƙarfen raga tsakanin wasu dogayen sanduna biyu, a samu maki uku. Ta sama. Sai da na sa Mahmud ya maimaita mini da Larabcin littafi don kada a ce kunnena ne. Ashe akwai ƙasar da ake ɗaukar mutum aiki don ya harbi tsuntsaye.

Kocinsu wani dattijo ne Ba'amurke da ke zaune a unguwar Zamalek da matarsa Bamisriya, kowa Kaftin yake ce masa. Shi wannan bugun ne ya kasance sana'arsa a can ƙasarsu. Ya ce shi ma da ƙwallon ƙafa irin tamu ya fara yana yaro, aka gano ƙafarsa a jami'a, ya shiga gasar manya. An sallame shi daga ƙungiyoyi har ya daina kwance akwatinsa. Ya yi shekaru yana ci yana ci babu wanda ya san fuskarsa, sai rana ɗaya ƙwallon ta kauce da faɗin tafin hannu a wasa mai muhimmanci, daga nan duk garin ya haddace sunansa. "Mai bugu ba ya da kunne," haka yake ce mini da gurɓataccen Larabcinsa. "Taku uku baya, biyu gefe, kai a ƙasa, ka yi kurma."

Na kwashe kakar wasa guda ina bugawa, kuma wallahi ina ci. Abin da kawai na tsana a aikin shi ne jira. Wasa na awa biyu da rabi, ni kuma duk aikina bai wuce ɗaga ƙafa sau huɗu ko biyar ba. Ga ni dama ba mai zama wuri ɗaya ba ne. Sai in yi ta safa da marwa a bakin layi, in kwance igiyar takalmi in sake ɗaurewa, in sha ruwan da ba na jin ƙishinsa, in ja tasbihi, in manta inda na tsaya in sake farowa.

To ga inda na haƙa wa kaina rami. Duk lokacin da na kira gida sai in ce, "Ai yanzu ina buga wa wata ƙungiya a nan, duk wani bugu na musamman ni ake ba, kuma ban cika ɓararwa ba." Ban yi ƙarya ba (mu ɗaliban Shari'a mun san yadda ake bi ta gefen ƙarya ba a taka ta ba). Kawai dai ban taɓa faɗar ta ina ƙwallon take bi ba. So nake Yaya Nasiru ya ɗauka na warke.

Sai ga shi ya zo Alƙahira sarin jallabiyoyi, zai yi mako ɗaya. Kuma makon ya faɗo daidai da wasanmu na kusa da na ƙarshe. Wasan ba ƙarami ba ne, musamman ga Mahmud: shi ne mai dasa mini ƙwallo da yatsa, kuma ya gama jami'a, wata mai zuwa zai tafi aikin soja na dole. In muka yi rashin nasara, ranar zai cire hular kwano ke nan har abada.

Bayan sallar Juma'a muka hau ƙaramar bas ni da Yaya. Tun daga tasha nake shirya yadda zan yi masa bayani. Na buɗe baki a shataletale na farko, mai karɓar kuɗin mota ya katse ni. Na sake buɗewa, Yaya ya dafa gwiwata ya ce, "Ka san har yanzu in yara suka harba ta sama sai a ce sun yi Maharbi? Yau zan ga abin da zan je in rufe musu baki da shi." Sai na haɗiye maganata. Na ce a raina ai in ya ga wasan da kansa zai gane.

Bai gane ba, kuma ba laifinsa ba ne. Filin da muke wasa filin ƙwallon ƙafa ne na haya. Sandunan namu bututun roba ne dogaye da ake ɗaurawa a saman turakun raga, ragar kuma tana nan rataye babu mai cire ta. Duk wanda ya taso a Gusau ya ga wannan, raga zai gani da wasu sanduna na ado. Ga shi kuma ranar wasan ya zo da wani irin tsari: har aka shiga zangon ƙarshe ba a kira ni ko sau ɗaya ba, don sau biyun da muka kai ƙarshen fili Kaftin ya zaɓi a nemi ƙarin maki da hannu. Ina ta kai da komo kamar kazar da ke neman wurin saka ƙwai. In na waiga sai in hango Yaya a layin gaba na 'yan kallo, da farar shaddarsa da hula zanna, shi kaɗai tsakanin 'yan Masar masu cin 'ya'yan kabewa, yana yi mini alama da hannu wai yaushe za a sa ni. Sau biyu na nufi wajensa in gaya masa, sau biyu Kaftin ya jawo ni ta baya.

Saura daƙiƙa huɗu a tashi, ana gabanmu da maki biyu, ƙwallo kuma tana kusa da ragarsu. Kaftin ya bugi hular kwanona ya ce, "Yalla," wato mu je. Bugu ne mai sauƙi, irin wanda nake yi a atisaye ina hira. Mahmud ya durƙusa ya kalle ni ta cikin ƙarafan hularsa ya ce, "Kamar kullum, ya Maulana. Tamam?" Na ce tamam, wato komai daidai. Na yi taku uku baya, biyu gefe, na sunkuyar da kai. Filin ya yi tsit, don al'ada ce mutanenka su yi maka shiru.

A cikin wannan shirun ne wata murya ta taso, da Hausa tsantsa, da irin sautin da na tashi da shi tun ina ɗan shekara tara.

"Ƙasa-ƙasa, Maharbi! Kwantar da ƙirjinka a kanta!"

Ni dai ban yanke shawarar komai ba. Kaina ya san inda nake, amma ƙafata ta koma Gusau. Ƙirjina ya kwanta, ƙafar da ta yi shekara goma tana ƙin jin magana ta zaɓi ranar ta yi biyayya. Ƙwallon ta fita a miƙe, ta ratsa wata 'yar kafa tsakanin ƙarti biyu, ta shige kusurwar dama ta ƙasa, raga ta girgiza. Ko golan duniya ne a wurin ba zai taɓa ta ba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma mutumin da ya shekara goma yana mafarkin ganin raga ta motsa, in ya gan ta ta motsa hankalinsa ba ya tare da shi. Na ware hannuwa na zuba da gudu zuwa kusurwar fili, na zube na yi sujadar godiya, da hular kwano da komai, har ƙarfen gaban hular ya caki ƙasa. Ina cikin sujadar ne na lura cewa tafin da nake ji na mutum ɗaya ne. Sai kuma ihun murna ya ɓarke, amma daga ɓangaren abokan hamayya. Na daɗe a sujadar nan. Duk addu'ar da na haddace sai da na karanta, don ban san da wace fuska zan ɗago ba.

Mahmud ne ya zo ya ɗaga ni. Ya riga ya cire hularsa, idanunsa sun yi ja. Na so ya zage ni, ko ya mare ni. Sai kawai ya ce, "Ma'alish, ya Maulana," ya kakkaɓe mini ciyawa a kafaɗa ya wuce. Na sha jin ma'alish, wato ba komai, a Masar, a ofis da kasuwa da cikin mota, amma babu wadda ta yi mini zafi kamar wannan. Kaftin kuwa ya tsaya yana kallon Yaya Nasiru, wanda har lokacin yake ɗaga hularsa sama. Ya tambaye ni wane ne. Na ce yayana ne. Ya ce, "Ranar da na ɓarar da tawa babu mutum ɗaya da ya tafa mini. Ka zo atisaye ranar Talata, da auduga a kunne."

A bas ɗin komawa Yaya sai faɗa yake. Wai alƙalin wasa ya zalunce mu, ƙwallo ta shiga kowa ya gani, kuma abokan wasana 'yan hassada ne tunda ko mutum ɗaya bai zo ya rungume ni ba. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Shekara goma ina jiran wannan ƙwallon." Da na ga idonsa ya kawo ruwa sai na kasa jurewa. Na zayyana masa komai, tun daga sanduna har maki uku har aikin sojan Mahmud.

Ya juyo ya ƙare mini kallo. Can ya ce, "Wato ta sama ake so."

Na ce ta sama.

"Kuma ka iya."

Na ce duk ƙungiyar babu kamata.

Ya cire hula ya sosa kai. "To kai da bakinka ciwo yake yi ne? Ka bar ni ina yi wa mai lafiya magani a gaban Larabawa." Ya juya yana kallon taga, na ga kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake ba ko takaici. Da za mu sauka ya ce, "Amma dai ƙwallon ta yi kyau."

Ya koma Gusau ya ba da rabin labarin, rabin da raga ta girgiza, kuma daga ranar aka daina ce mini Maharbi. Na samu abin da nake nema. A Alƙahira kuwa har na gama karatu sunana Abu Gon, wato mai cin ƙwallo a raga, kuma Mahmud ne ya raɗa mini shi a saƙon farko da ya turo daga barikin soja. Ban yi musu ba, don na san na ci bashin da ya fi haka.

Hausawa sun ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ni abin da na ƙara a kai shi ne, in ka san kiɗan ya canza, ka gaya wa mai yi maka kirari tun kuna cikin mota.