Usur Ɗin Shugaba Cindo

Wani mutum ne a Kwarin Tsamiya, ana ce masa Cindo. In dai cika baki ne, a bar masa kayansa. Ko sannu ka yi masa, sai ya ba ka labarin manyan da ya sani a birni, alhali iyakarsa tasha.

Garin nan kuwa ruwa ya zame musu bala'i. Tafki ɗaya ne, mutane su sha, shanu su sha, jakuna su tsaya a ciki su yi abin da suka ga dama. Damina na sauka, amai da gudawa su bi gida-gida suna kwasar yara. Ana nan sai wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta zo, ta ce za ta haƙa musu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, har da tanki da famfuna. Sharaɗinta ɗaya: kowane gida ya haƙa masai, a daina tsuguno a daji. Ta raba siminti, ta ce a kafa kwamitin ruwa da tsafta.

Da aka taru kan maganar, kafin Mai Gari ya buɗe baki, Cindo ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ai ni na jawo su. Ba don ni ba, da ko sunan garin nan ba su ji ba."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma don a huta da surutunsa aka ba shi shugabanci.

Wai wai wai, gari ya shiga uku. Cindo ya sayo usur, ya rataya a wuya da jan zare, ya kafa doka: duk inda aka ji usur, kowa ya bar abin da yake yi ya rugo, an kama mai tsuguno ke nan. Wanda aka kama kuma ya kwashe abinsa da shebur, ya ratsa kasuwa da shi. Har Baba Tunau, dattijon da ruwan sama ya rushe wa masai, Cindo bai ɗaga masa ƙafa ba. Ya busa masa, ya tara masa jama'a, tsohon ya ratsa kasuwa kansa a ƙasa.

Shi kuwa gogan, ɗan ɗaki ya gina a gefen gida, ya shafe shi da shuɗin fenti, ya maƙala ƙaton kwaɗo. "Irin wannan masai sai gidan gwamna," in ji shi. Ashe ko taki ɗaya bai haƙa ba. Ragowar simintin ya daɓe ƙofar zaurensa da ita, ɗakin kuma ya cika shi da albasa.

Ranar dubawa ta zo. Jami'ar ƙungiyar, Malama Balaraba, ta iso da mutanenta, aka yi musu shimfiɗa a ƙofar gidan Shugaba. Aka kawo alale da dambu da farfesun kayan ciki. Baƙi suka ɗan taɓa. Cindo kuwa ya zage, yana loma yana jawabi.

"Hajiya, ki zaga duk inda kike so. In kin ga ko na akuya a bayan gari, ki cire ni daga mulki."

Bai rufe baki ba cikinsa ya ce ƙululu. Ya gyara zama. Ya sake cewa ƙulululu. Gumi ya keto masa. Ga masai shuɗi yana kallonsa, amma ina, albasa ce har rufi.

"Bari in je sintiri, Hajiya. Aikin shugaba ba hutu."

Ya fita da taƙama, yana shan kwana ya kwasa da gudu. Ya faɗa bayan wata sabara, ya tattare babbar riga da hannu biyu, ya tsuguna. Sai ya ga usur na lilo, yana neman taɓa ƙasa. Hannu ba dama. Ya sunkuya ya cafke shi da baki.

Ya yi yunƙuri ɗaya mai ƙarfi.

Firrrrrr!

Ya firgita, ya ja numfashi zai ce innalillahi, usur ya ƙara: fir, firrr!

To, ai shi ya horar da su. Mai daka ta yar da taɓarya, mahauci ya bar nama, rididi gari ya nufo sabara. Malama Balaraba na tsakiya tana murna. "Kun ga tsarin da nake so. Shugaba ya yi kamu."

Suka iso, suka yi cirko-cirko. Ga Shugaba a tsugune, riga a wuya, usur a baki, ido tsuru-tsuru.

Malama Balaraba ta kau da kai. "Shugaba, ina masai ɗinka mai fenti?"

Matarsa Tabawa, wadda ta daɗe da gajiya da bin dajin, ta amsa daga baya. "Albasa ce a ciki, Hajiya. Ramin ma babu."

Jami'ar ta duba takardarta, ta ce duk gidajen gari sun cika sharaɗi, saura ɗaya. Ba za a kawo injin haƙa ba sai gidan Cindo ya yi rami na gaske. Mata suka hau salati, suna yi masa kallon da ya fi mari zafi.

Cindo ya furzar da usur. "Jama'a, gwaji ne. So nake in ga ko kuna cikin shiri."

Baba Tunau ya matso a hankali, ya leƙa bayansa, ya jinjina kai, sannan ya miƙa masa shebur.

"Gwajin ya yi albarka sosai, Shugaba. Kwashe. Yau ma ga shi ranar kasuwa ce. Mayar da usur ɗin baki, ka riƙa busa mana hanya."